Lallen Ranar Alhamis

Kwana tara ke nan Zulaiha tana dirje hannuwanta da toka da lemon tsami, amma lallen ya ƙi fita. Ƙawarta Jannatu ce ta yi mata shi, kuma Jannatu ta iya aikinta, wannan ko maƙiyinta ya shaida. Jan ya kama ram tun daga farce har wuyan hannu. Duk wadda ta gani sai ta yaba, ita kuwa mai hannun ko kallonsa ba ta son yi.

Tana tsugune a bakin famfo da safiyar Asabar ta jiyo muryar Gwaggo Rabi, ƙanwar babanta, daga ƙarƙashin rumfa.

"Ni dai tun farko na faɗa, Yaya. Mutumin da kullum kansa ke sunkuye a kan waya, ina za ka san abin da yake ƙullawa? Ga ɗana Abdulfatah nan, ɗanka ne, canjin kuɗin sefa a fili yake yi kowa na gani. Amma aka tsallake shi aka tafi Gumel neman ɗan boko."

Alhaji Lado, baban Zulaiha, yana zaune a kan tabarma. Kokon da aka ajiye masa tun ɗazu har ya yi sanyi.

"Abdulfatah ma ya ce in gaya maka," Gwaggo ta rage murya, irin ragewar da ake ji har zaure, "in dai maganar shanun baƙonka Sajo ce, shi zai ɗauki rabi."

"Ya riƙe kuɗinsa," Alhaji ya ce. "Ba 'yata zan sayar in biya Sajo ba, kuma ban taɓa yi wa Uwata dole ba. Amma shi wancan yaron, jibi Litinin zan aika a mayar wa iyayensa kayansu. Daga nan in kai sunansa wajen 'yan sanda. Na jira ya zo ya faɗi gaskiya tsakaninmu, ya ƙi zuwa."

Lemon tsamin ya suɓuce daga hannun Zulaiha ya gangara cikin kwata.

Gaskiyar da Alhaji yake jira tana cikin gidansa, tsugune a bakin famfo.

*

Alhaji Lado dillalin shanu ne a karar Maigatari, wato kasuwar dabbobi, kuma mai masaukin makiyayan da ke tsallako iyaka daga Nijar. Shekara talatin suna sauka a gidansa, ya sayar musu, ya damƙa musu kuɗinsu, ya ɗauki la'adarsa. Da zamani ya canza, masu saye suka daina yawo da jaka suka koma transfa, sai ya zama asusun Alhaji ne ake tura wa, tunda baƙin nasa ba su da asusu a wannan ɓangaren.

Shi kuma Alhaji bai yi boko ba, ga shi bai yarda ya shiga cunkoson kasuwa da babbar waya a aljihu ba. Don haka babbar wayar tana zama a gida a hannun Zulaiha, shi ya tafi da ƙarama. In an yi ciniki ya kira ta.

"Uwata, sun shigo?"

Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa bai taɓa kiran ta da wani suna ba sai wannan. In ta ce sun shigo, ya saki igiya. In ta ce ba su shigo ba, ko gwamna ne sai ya jira.

Sirajuddeen ne ya tsara musu wannan. Yana da shagon POS da gyaran waya a Gumel, ranar Alhamis kuma yakan kafa teburinsa a bakin kara. A nan Alhaji ya san shi, a nan ya yaba da hankalinsa, har ta kai ya ba shi izinin zuwa zance. Shi ya sa manhajar banki a wayar, ya saita ta yadda ba ta buɗewa sai da babban yatsan Zulaiha. Ranar ya gaya mata abu biyu, har ya sa ta maimaita kamar 'yar firamare tana dariya. Kada ta taɓa tura wa kowa hoton alat. Kada kuma ta taɓa yarda da saƙon alat sai ta shiga cikin manhajar ta ga kuɗin da idonta.

A rana ɗaya ta karya duka biyun.

Alhamis ce, washegari iyayen Sirajuddeen za su zo sa rana. Da hantsi wani mutum mai farar shadda da ya ce sunansa Alhaji Ilu ya sayi rago ɗaya a hannun babanta. Kuɗin suka shigo lafiya, ta shiga ta gani. Sai mutumin ya karɓi ƙaramar wayar Alhaji ya gaishe ta da ladabi.

"'Yata, don Allah ɗauki hoton alat ɗin ki turo min a wannan lamba, zan nuna wa ubangidana."

Murya ce ta dattijo, ga shi ya ce mata 'yata. Kunya ta hana ta cewa a'a. Ta tura.

Kafin azahar Jannatu ta zo da kwanon lalle. Ta cika mata hannu biyu, ta ɗaure kowanne cikin leda, ta ce ko ƙuda ne ya sauka mata a hanci kada ta motsa. Suna cikin hira da shewa ƙaramar wayar Alhaji ta kira. Jannatu ce ta ɗaga ta kara mata a kunne.

"Uwata, mutumin ɗazu ne. Ya ɗauki bijiman Sajo guda bakwai, miliyan shida. Sun shigo?"

Saƙon yana nan a fuskar wayar, da sunan banki a kansa, da miliyan shida cif, har da jimillar abin da ke asusun daidai yadda ya kamata ta zama. Ta kalli saƙon, ta kalli babban yatsanta da ke cikin leda. In ta cire yanzu zanen ya lalace, kuma gobe Sirajuddeen zai zo.

"Sun shigo, Baba."

"Kin shiga ciki kin gani?"

"Na shiga."

Kalma biyu ce. Kafin la'asar bijiman suna cikin babbar mota sun kama hanyar kudu.

Da Juma'a ta yi, Alhaji ya je cirar kuɗin Sajo aka ce masa babu, kuma ba su taɓa shigowa ba. Ya dawo gida hularsa a karkace, ya tsayar da ita a tsakar gida ya sake tambayar ta. Ta ga idonsa ya yi ja, ta ga Sajo a bakin zaure riƙe da sandarsa, sai bakinta ya sake cewa ta shiga, ta gani. Da ta koma ɗaki ta goge hoton da ta tura, da lambar mutumin.

Masana na kasuwa, waɗanda ba sa rasa abin faɗa, suka zauna suka warware matsalar a take. Tunda yarinya ta ga kuɗi a cikin manhaja alhali babu su, to manhajar ce ta bogi. Wa ya sa ta? Wa ke da tebur a bakin kara ranar? Iyayen Sirajuddeen suka iso da goro da alawa, aka tsayar da su a waje. Alhamis ɗin da ta biyo baya kuma, a tsakiyar kara, a gaban dillalai da makiyaya, Alhaji ya nuna shi da yatsa ya kira shi ɓarawo.

Sirajuddeen bai ce komai ba. Ya naɗe lemarsa ya ɗauki teburinsa ya hau mota. Wannan shirun ne ya ƙara tabbatar wa mutane.

Sajo kuwa har yau yana ɗakin baƙi. Shanun ba nasa ba ne shi kaɗai, akwai na ƙannensa da na wata gwauruwar yayarsa a Dungas, ba shi da fuskar komawa hannu rabbana. Ba ya faɗa, ba ya zagi. Abin da ya ce tun ranar farko shi yake maimaitawa.

"Alhaji, ni ban san waya ba. Kai na sani."

Zulaiha ce ke kai masa abinci safe da yamma.

*

"Ki ƙyale hannun nan haka, kada ki ɗaye fatar."

Inna Laure ce, mahaifiyarta, tsaye a kanta da ɗari biyar-biyar a dunƙule. Ta daɗe tana kallon 'yar tata kafin ta ci gaba.

"Maganin ƙafata ya ƙare. Ki shirya ki je Gumel ki sayo min, a can kaɗai ake samun mai kyau. Ki dawo kafin la'asar."

Akwai kemis a bakin layinsu, kuma a can aka saba sayen maganin. Inna ta san haka, Zulaiha ma ta sani. Babu wadda ta kalli 'yar'uwarta.

A mota aka matse ta tsakanin wata mai buhun zoɓo da taga. Tun daga tasha har Gumel tana shirya abin da za ta ce masa, tana rushewa. Ta zura hannayenta cikin hijabi, ba ta fito da su ba ko da za ta biya kuɗin mota, sai da ta ƙudundune kuɗin a bakin hijabin ta miƙa.

Shagon yana kusa da kasuwar hatsi. Da can sai ka bi layi kafin ka kai ga tebur. Yau bencin babu kowa sai wata akuya da ta kwanta a ƙarƙashinsa. Labari ya riga ta isowa da kwanaki, kuma babu mai miƙa katinsa ga wanda aka kira ɓarawo a kara.

Ya ɗago kai da jin sallamarta. Ya rame, ƙasusuwan wuyansa sun fito.

"Zulai. Alhaji ya san kin zo?"

"Inna ce ta aiko ni sayen magani."

Ya yi ɗan murmushi. "Allah ya ƙara wa Inna lafiya. Zauna."

Ta zauna a bakin bencin. Duk abin da ta shirya a mota ya gudu.

"Jibi za a mayar da kayanku," ta ce da ƙyar. "Kuma Baba ya ce zai kai ka wajen 'yan sanda."

"Na ji. Abdulfatah ya tabbatar labarin ya iso min da wuri."

"Me ya sa ba ka kare kanka ba, Yaya Siraj? Aka zage ka a gaban mutane ka yi shiru. Me ya sa ba ka ce ba kai ba ne?"

"In na ce ba ni ba ne, sai a ce to wa?"

Ta sunkuyar da kai.

Ya jawo kujerarsa ya ɗan matso, ba sosai ba, don ana wucewa a waje. "Ban zauna haka nan ba. Na je Gagarawa, akwai wani mai sayen riɗi da aka yi wa irin wannan wata biyu da suka wuce. Na je Sule Tankarkar, can ma an yi wa wani mai awaki. Duk hanya ɗaya ce. Mutumin yana fara sayen ƙaramin abu ya biya da kuɗi na gaske, don a saki jiki da shi. Sai ya ce a turo masa hoton alat. A cikin hoton nan yake ganin yadda bankin ke rubuta saƙo, da abin da ya rage a asusu, ya kuma sami lambar da alat ke shiga. Daga nan sai ya rubuta nasa saƙon ya sa sunan banki a kai. Saƙo kowa na iya rubutawa, Zulai. Asusu ne kaɗai ba a iya yi wa ƙarya."

Ta kasa ɗagowa.

"Kuskurensa ɗaya ne," ya ci gaba. "Kuɗin farkon nan na gaske daga wani asusu suke fitowa, kuma asusu yana da mai shi. Na Gagarawa da na Sule Tankarkar duk suna ɗaya ne. In na ragon Alhaji ma ya zama shi ne, to akwai zaren da hukuma za ta bi. Amma muddin ana cewa an ga kuɗin a cikin manhaja, ba za su nemi mai farar shadda ba. Wanda ya sa manhajar za su nema."

Akuyar ta tashi ta yi miƙa ta fita.

"Ba ka tambaye ni ba," ta ce. "Ba ka tambaye ni ko na tura hoton ba."

"Ban tambaya ba."

"Ba ka tambaye ni ko na shiga ba."

"Wannan ba sai na tambaya ba." Ya kalli inda hannayenta suke ɓoye cikin hijabi. "Na kira ki ranar, ɗaya da rabi. Jannatu ce ta ɗauka. Ta ce in yi haƙuri, amarya hannunta na cikin leda, sai bayan la'asar za a kwance. Washegari da Alhaji ya nuna wa Kawuna saƙon, na ce ya duba min lokacin da ya shigo. Biyu saura kwata."

Sai kuka ya ƙwace mata, irin wanda aka daɗe ana dannewa. Ta toshe bakinta da hijabi don kada 'yan kasuwa su ji.

"Tun ranar ka sani."

"Tun ranar."

"Ka sani, ka tsaya Baba ya kira ka ɓarawo. Ka sani, aka bar Kawunka tsaye a rana da goro a hannu. Ni kuma ina ɗaki ina jin komai, na yi shiru. Wallahi kullum na kai wa Sajo abinci ji nake kamar ni na kora shanun da hannuna. Ko a salla lambar mutumin nan nake gani. Na goge ta a waya amma ta ƙi fita daga kaina. Ni ce, Yaya Siraj. Saboda zanen lalle. Don kawai ka zo ka ce ya yi kyau."

"Ya yi kyau ɗin," ya ce a hankali. "Na hango shi ranar Juma'a da kika leƙo ta zaure."

"Don Allah kada ka yi min wasa."

"Ba wasa nake yi ba. Ki share hawayenki, ana kallon mu." Ya tura mata ledar ruwa a kan teburin. "Kuskuren Alhamis kowa na iya yin sa. Mai riɗin nan na Gagarawa ya yi digiri, aka yi masa. Ba zan ɓoye miki ba, na Juma'a ne ya yi min ciwo. Kwana biyu ban ci abinci ba. Amma na san Alhaji, na san yadda ya ɗauke ki. Mutumin da ke sakin shanun miliyoyi a kan kalma ɗaya daga bakinki. Na ce gara ya rasa ni da ya rasa wannan."

"Kai fa? Shagonka? Sunanka?"

Ya kalli bencin da babu kowa. "Hajiyata ta daina zuwa islamiyya, saboda kallon da mata ke yi mata. Shi ne abin da ya fi damu na. Jiya ta ce ko an wanke ni, ita ta gama da gidan da aka wulaƙanta ta."

Zulaiha ta ji maganar har cikin ƙashinta. Hajiyar da ke aiko mata da dubulan duk sati, tana kiran ta 'yar gidana.

"Me zan yi?" ta ce.

"Ba zan gaya miki ba. Kuma ba zan faɗa wa Alhaji ba, ko a gaban alƙali ne. Daga bakina ba za a ji ba. In 'yan sanda sun zo ranar Litinin zan bi su, in ba su abin da na samo, Allah ya sa su saurara."

Ta daɗe a zaune. Sannan ta fito da hannunta na dama daga cikin hijabi, karo na farko tun da ta baro gida, ta ɗauki biro a kan teburinsa. A bayan wata takardar POS ta rubuta lambobi goma sha ɗaya ba tare da ta tsaya tunani ba, ta tura masa.

Har ta kai bakin titi ya kira ta.

"Zulai, maganin Inna."

Da ta manta da shi sam.

*

Ta iso ana sallame la'asar. Alhaji ya dawo daga masallaci yana zaune a kan darduma a inuwar rumfa, carbi a hannu. Gwaggo Rabi ba ta tafi ba, ta ga alamar akwai sauran aiki. Inna Laure tana tankaɗe a ƙofar kicin.

Zulaiha ta ajiye maganin a gaban Inna. Ba ta cire hijabi ba, ta wuce ta durƙusa a bakin dardumar.

"Uwata, kin dawo? Ya hanya?"

Da ya yi mata tsawa da ya fi mata sauƙi.

"Baba, ina da magana."

"Ai ko ba ki faɗa ba mun sani," Gwaggo ta karɓe. "Roƙo za ki yi masa. Yarinya, ki bar wahalar da kanki a kan wanda ya cuci ubanki."

"Rabi, ki bar ta," Alhaji ya ce. "Ina jin ki, Uwata."

Ta fito da hannayenta biyu ta shimfiɗa su a kan tabarma a gabansa. Ta kasa kallon fuskarsa, don haka ta yi magana da carbinsa.

"Ranar Alhamis da ka kira ni, hannuna yana cikin leda. Lallen nan ake yi min. Ban shiga ciki ba, Baba. Saƙon kawai na gani a fuskar waya. Na ce maka na shiga, ban shiga ba."

Sautin rariyar Inna ya tsaya.

"Da safe ma mutumin ya ce in tura masa hoton alat na tura, alhali Yaya Siraj ya hana ni. Da hoton ya haɗa saƙon ƙarya. Manhajar lafiyarta ƙalau. Da Juma'a ka sake tambaya ta, na ji tsoro na sake yi maka ƙarya, na goge komai. Shi ba ruwansa. Ya san ni ce tun ranar farko, ya yi shiru don ya rufa min asiri."

Carbin ya daina motsi. Ƙwayar da ke tsakanin yatsunsa ta tsaya a inda take.

"Ƙarya take yi," Gwaggo ta ce, amma muryarta ba ƙarfi. "Shi ya kitsa mata. Ai Gumel ta je."

"A kira Jannatu a tambaye ta," Zulaiha ta ce. "Ita ta riƙe min wayar."

Babu wanda ya tashi kiran Jannatu. Alhaji ya kalli hannayen da ke shimfiɗe a gabansa, ya daɗe yana kallo, kamar yadda yake kallon sa kafin ya faɗi kuɗinsa.

"Sau biyu na tambaye ki," ya ce. Muryarsa a ƙasa take, ba faɗa a cikinta.

"Sau biyu, Baba."

"Da kin ce min ba ki shiga ba, da na ce mutumin ya jira. 'Yan awanni ne kawai. Da Juma'a ma da kin faɗa, shanu ne, sai in sayar da gonar Galadi in biya Sajo, mu yi kuka mu share hawaye." Ya ajiye carbin. "Shekara talatin ina cikin kara, ban taɓa ɗora wa ɗan wani abin da bai yi ba. Sai da na tsufa. Na tsaya a gaban mutanen da ke ba ni amanar dukiyarsu na kira yaron nan ɓarawo, yana kallo na. Ashe shi ne yake rufa wa gidana asiri."

"Ka yafe min, Baba. Don Allah ka yafe min."

Ya dafa ƙasa ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara.

"Laure, ɗauko min babbar rigata."

"Ina za ka da yamman nan, Alhaji?"

"Gumel. Ba zan kwana da wannan ba. Ranar Alhamis kuma, a inda na tsaya na faɗa, a nan zan tsaya in janye, Sajo yana gefena." Ya juya wajen ƙanwarsa. "Ki gaya wa Abdulfatah na gode."

Gwaggo Rabi ta hau neman mayafinta, wanda ke kafaɗarta.

Inna ta kawo rigar, ta taimaka masa ya zura. Tana gyara masa wuya ta tambaya a hankali, don ta san 'yarta ba za ta iya ba.

"To maganar auren fa?"

"Wace magana gare ni a kai?" ya ce. "Da can su ke zuwa ƙofata suna roƙo. Yau ni zan tsaya a tasu. In uwar yaron ta ce ba ta so, ba ni da bakin cewa komai, don ta fi ni gaskiya."

Ya nufi zaure. Takalmansa suna can gefen famfo inda ya yi alwala. Ya tsaya ya waiwayo, bai kalli fuskarta ba.

"Ke, miƙo min takalmina."

Tun da aka haife ta bai taɓa kiran ta da ke ba, sai Uwata.

Ta tashi da gudu-gudu ta ɗauko, ta durƙusa ta miƙa masa da hannu biyu kamar yadda ta saba. Bai karɓa ba. Ya tsaya yana jira, har sai da ta gane, ta ajiye su a ƙasa ta janye hannayenta. Sannan ya zura ƙafarsa ya fita.